Yadda Ake Zama Gwanin Sola da Lalataccen Murhu

Kai da ka shekara uku a ɗakin gwaji ba ka gano komai ba sai inda ake ɓoye sukari, matso kusa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin wata ya ƙare za a tafa a gabanka. Ni da kaina na gwada su.

1. Ka san abin da ake gasawa

Sunansa farobskayit. Kada sunan ya razana ka. Wani ruwa ne mai launin ɗorawa da ake shafa wa gilashi, a ɗora a murhun lantarki mai zafin digiri ɗari da hamsin har ya yi baƙi. In ya yi baƙi, da ya sha rana sai ya ba da wutar lantarki. Matsalar zafin ce: masu masana'anta so suke su shafa shi a roba mai naɗuwa kamar tabarma, roba kuwa ba ta jure wannan wutar. Duk wanda ya rage zafin ya yi suna. Haddace wannan, iyakar iliminka ke nan.

2. Ka samu murhun da kowa ya guje wa

Yana lungu, kusa da kwandon shara. Allonsa yana nuna ɗari da hamsin, amma cikinsa ya daɗe da sallama. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, shi ya tura ni wurinsa, ranar da ya ce kwantiragina saura sati uku. Yana faɗa yana duban silin.

3. Kada ka suma

Za ka gasa gilashinka kamar kullum. Zai yi baƙi wuluk, ya ba da wutar da ba ka taɓa samu ba. Sai Anti Filaya ta zo wucewa, wato matar da ke haɗa ruwan tana kula da na'urori, wadda filaya ba ta rabuwa da aljihunta. Za ta ɗora tafin hannunta a kan murhun, ta bar shi a wurin.

"Dakta, a kan wannan ka gasa? Ai ko shayi ba ya ɗumamawa."

Gyara tsayuwa ka ce, "Na sani, Anti. Da gangan ne."

Za ta dube ka ta saman tabarau, ta auna murhun, ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Kada ka tambaye ta me ta rubuta. Mai digiri uku ba ya tambaya, sai dai a tambaye shi.

4. Ka kai wa Farfesa albishir

"Ranka ya daɗe, na rage zafin."

"Zuwa nawa?"

"Sosai."

Wannan amsar ta isa. Kafin ya kai ƙarshen jimlarsa ta biyu zai fara cewa "mun rage", kuma zai tuna sunanka. Nan take zai buga wa wata masana'antar roba waya, su zo ranar Alhamis su gani da idonsu.

5. Kada ka gwada jawabinka a gida

Na gwada. Maiɗakina ta saurara har ƙarshe tana ninke kaya, sannan ta ce, "Kai da ka ƙona mana tukunya biyu kana dafa ruwa?" Iyali ba su san darajar kimiyya ba.

6. Ka tsare murhunka daga mai gyara

A nan na yi sakaci. Farfesa ya ji kunyar baƙi su ga murhu mai tsatsa, sai ya sa aka gyara shi ranar Laraba da rana, ina can ina aski.

Alhamis baƙi uku suka iso da robarsu. Na shafa ruwan, na ɗora, na juya musu ina bayani da hannu biyu. Manajarsu ce ta fara toshe hanci. Da na waiwaya, robar ta nannaɗe kamar busasshen ganye, tana ɗiga, hayaƙi yana tashi. Farfesa ya koma duban silin.

"Digiri nawa kuka ce kuna amfani da shi?" in ji manajar.

Idan ka zo nan, ka yi tari. Ni na yi har sau huɗu.

7. Ka nemi Anti da ido

Tana bakin ƙofa, hannu a aljihu. Ka matsa ka rage murya.

"Anti, don girman Allah."

"Ai da gangan ne, Dakta. Ka manta lambar ne?"

"Ki rufa mini asiri. 'Ya'yana biyu."

"Ni huɗu. Wata takwas ina sauya haɗin ruwan nan don ya gasu da ɗan zafi. Sau uku na kai wa Farfesa a rubuce, ya ɗora kofinsa a kai."

Sai ta ratsa ta gabanka, ta murɗa murhun zuwa sittin da biyar, ta jira ya huce, ta shimfiɗa sabuwar roba. Minti goma ta yi baƙi, lafiyarta ƙalau. Anti za ta naɗe ta, ta warware, ta kai taga, ƙaramar fankar gwaji ta fara juyawa. Za a tafa. Ka tsaya kusa da ita sosai, ta yadda tafin zai same ka.

Farfesa zai buɗe baki ya ce, "Ai dama mu..." Manajar ba za ta ji shi ba, tana rubuta lambar wayar Anti.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin narkewar roba, ƙaurin ɗaki, ko dariyar da za a yi maka a gida. Ruwan nan akwai dalma a ciki, kada ka lasa don nuna ƙwarewa. Mai ƙorafi ya same ni a sabon ɗakin gwajin Anti, wajen famfo. An sabunta mini kwantiragi, ni ke wanke gilashi. Ta ce hannuna yana da kyau a kan ruwan sanyi.