Rasuwar Kawu a Ranar Hukuncin Cokali

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ba masaka tsinke, Anti Mai Kitso, a madadin kanta da duk kayan shagonta, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin kwastomomi rasuwar akwatin talabijin ɗinta, wanda kowa ke kira Kawu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kantar da ya shekara goma sha bakwai a kanta, bayan jinyar kwana tara.

Marigayin tsohon yayi ne, mai ƙatuwar ƙeya, mai nauyin da sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. In an kunna shi yakan yi "ziiii" na ɗan lokaci kafin ya buɗe ido, kamar dattijon da aka tasa daga barci. In hoto ya fara rawa, mari ɗaya a kunnen hagu ya ishe shi, kuma bai taɓa riƙe Anti a zuciya ba. Mace takan zauna awa huɗu ana ja mata gashi, wuya ya ƙage, ƙafa ta yi tsami, amma saboda Kawu ba ta motsawa. Ko da aka buɗe sabon shagon kitso a ɗaya gefen titi, mai sanyin na'ura da talabijin siriri kamar allo a manne a bango, Kawu ne ya riƙe wa Anti mutanenta. Mai wancan shagon dai Anti ba ta kiran sunanta, sai ta ce "ta tsallake".

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne daga shirin nan da ake tara fitattun mutane a gida ɗaya, a kulle ƙofa, a sa musu kyamara har a kicin. Wata mawaƙiya ta jefi wani ɗan wasan kwaikwayo da cokali don ya ce miyarta ba gishiri. Cokalin ma bai same shi ba, firij ya samu.

Kafin gari ya waye, gidajen labarai sun ajiye komai. An nuna cokalin yana tafiya a iska a hankali ya fi sau ɗari. An gayyato lauya, an gayyato likitan ƙwaƙwalwa, har wani mai sayar da cokula sai da aka zaunar a kujera ya yi bayani. Majalisa ta ɗage zaman da za ta yi kan ruwan sha, ta kafa kwamiti. Minista ya fito ya ce tarbiyyar ƙasa aka jefa. 'Yan adawa suka ce gwamnati ce ta miƙa mata cokalin don a manta da tsadar rayuwa.

Anti tana kitso tana cije leɓe. "Cokali fa!" in ji ta. "Ni shekara ashirin ina wannan aiki, yatsuna sun lanƙwashe, ko hotona ba a taɓa ɗauka ba. Wannan ta yi jifa ta kuskure, ga ta a majalisa. Ku dubi tsagar kanta ma, kamar a guje aka yi ta." Matan suka duba, suka ce ai kitson ya yi kyau, ko Anti za ta iya irinsa? Ranar ba wadda ta tashi ba ta ji a fatar kanta ba.

Kwana tara Kawu yana kunne daga buɗe shago har rufewa, ba hutu. A kwana na uku fuskar minista ta koma koriya. A na shida muryar mai karanta labarai ta fara shiga hanci. Anti ta juya masa fanka, ita tana gumi, don kada ya ba ta kunya.

Ranar Talata kwamiti zai faɗi ko za a kori mawaƙiyar daga gidan. Shago ya cika, har da masu zama a kan bokiti. Matar mai gidan da Anti ke haya tana zaune a gabanta, rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Shugaban kwamiti ya gyara tabarau ya ce, "Bayan dogon nazari, mun yanke cewa..." Sai Kawu ya ce "ƙit". Hoton ya tattare ya zama ɗan farin ɗigo, ɗigon ya ɓace. Anti ta mare shi a hagu. Ta mare shi a dama, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai warin ƙonanniyar roba.

Can sai ga shewa daga tsallaken titi.

"Anti, bari in leƙa in dawo yanzun nan," in ji matar mai gida, ta fita da matajin Anti a soke a kanta. Sauran suka bi ta, wata ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Da yamma matar mai gida ta wuce ta ƙofar shagon, kai a kitse tsaf, irin kitson mawaƙiyar, tana kallon gefe. Abin da ya fi ci wa Anti rai shi ne ganin nata mijin tsaye a tagar ta tsallake, hannuwa a baya. "Wucewa nake yi," in ji shi. Wucewar ta ɗauke shi minti arba'in.

Mai gyara ya zo ya buɗe ƙeyar marigayin, ya hure ƙura, ya girgiza kai. "Anti, sai haƙuri. Irin kayansa an daina yi." Har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa ba ɗan jarida ko ɗaya da ya zo, ba a kafa kwamiti ba, kuma babu ministan da ya ce uffan.

Marigayin ya bar rimot ɗaya da aka ɗaure da roba, da eriya mai ƙaho ɗaya, da ƙyallen da ake rufa masa, da kujeru shida waɗanda tun ranar ba wanda ya zauna a kansu.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da safe, a baron mai sayen tsofaffin ƙarafa. Za a bi da ita ta bayan layi, don kada wasu su leƙo ta gilashi su yi murmushi. Anti za ta karɓi gaisuwa a shago, kuma duk mai zuwa da kitson tsallake a kanta ta ɗaura ɗankwali. Ana roƙon jama'a kada a ɗaga mata maganar mawaƙiyar nan, ta ce ba abin da ya dame ta da ita. Wanda dai ya san yadda aka ƙare, ko an kore ta ko an bar ta, yana iya faɗa wa na kusa da shi a bakin ƙofa, ya ɗan ɗaga murya, domin tagar a buɗe take.