Ɗaukar Amarya da Mota Mai Kujera Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da muka je Karshi ɗauko amaryar abokina Sadiƙu. Lokacin harka ta buɗe mini a wurin aiki, na sayi wata jar mota sabuwa dal, irin ta tsere, ƙasa-ƙasa da ita. In ta yi gurnani, duk layin sai ya waiwayo. A gefe kuma ga motar Kawu Bala, kawun ango, baƙar tsohuwar Bajamushiya mai faɗi kamar falo, wadda ta kusa girme ni.

Na tsaya gaban jama'a na zage ina bayani, tawa ta fi gudu, ta fi kyau, ta fi zamani. Na ce, "Kawu, taka ai hutu ya kamace ta. A tawa amarya za ta shiga." Ya yi murmushi kawai ya ce, "To, Allah ya kai mu lafiya." (Gaskiyar magana, ba amaryar ce a gabana ba. Babbar ƙawarta Rukayya nake so, burina ta gan ni a kan sitiyari.)

Aka fito da amarya a lulluɓe tana kuka, gwaggonta a dama, innarta a hagu, Rukayya a baya riƙe da jaka. Na buɗe ƙofa da yanga. Gwaggon ta leƙa ciki, ta ɗago ta kalle ni.

"Ɗan nan, ina sauran motar?"

Kujera biyu ce tak. Ni da aka haifa a Kano, wallahi na manta ba a kai amarya ita kaɗai.

Ta ce, "Wato ta zauna gefen ƙato, mu kuma mu bi ku da gudu?" Mata suka tuntsire da dariya, har amaryar na ji ta ƙyalƙyale cikin mayafi. Kunya ta kama ni har ƙafata.

Tsohuwar motar nan ta Kawu ta haɗiye su duka, Rukayya a gaba kusa da direba, wato Nura ɗan Kawu. Ni kuwa gwaggo ta ɗora mini kular tuwo a kujera. "Tunda ka ce tana gudu, kai wannan kafin ya huce."

Kuma na kai shi gidan ango a Durumi da zafinsa, a nan kam ban ji kunya ba. Nura dai bai yi sauri ba, hira ya yi ta ja a hanya. Bara aka ɗaura aurensa da Rukayya. Har gobe tawa ta fi gudu, sai dai yanzu kafin in cika baki da mota, kujerunta nake fara dubawa.