Yadda Ake Shekara Uku Ana Koyon Japananci Ba a Ce wa Kowa Uffan Ba

Kai da kake son a riƙa cewa ka iya Japananci alhali bakinka bai taɓa shan wahala ba, matso kusa. Hanyar nan tabbatacciya ce, ba ta taɓa kuskure ba. Fergus Mallory, ma'aikacin jirgin ruwan da ke kai baƙi yawo a nan garin Cairns na bakin teku, ya bi ta daga farko har ƙarshe, da shi za mu yi maka misali.

1. Yi alkawari a gaban jama'a

Ranar bikinsa da Chizuru, Bajapaniya, Fergus ya miƙe ya sa amarya ta fassara wa mahaifinta, tsoho Hoshino, cewa in suka sake haɗuwa ba mai shiga tsakaninsu, da bakinsa zai yi masa magana. Tsohon ya sunkuyar da kai, har da ɗan hawaye. Kai ma yi haka. Alkawari ba ya nauyi ranar da aka ɗauke shi.

2. Cika wayarka

Manhaja ɗaya ta malalata ce. Sauke bakwai, ka haɗa da ƙamus uku: wanda ake zana masa harafi da yatsa, wanda ake haska wa takarda ya karanta, da wanda ba ka san amfaninsa ba amma an yabe shi. Masana sun ce ilimi yana shiga jiki ta aljihun wando.

3. Bauta wa lamba

Manhajar tana ƙirga kwanakin da ka jera ba fashi. Wannan lambar ita ce iliminka, kada ka yarda a tambaye ka wani. Fergus ya kai kwana dubu da ɗoriya, ya iya cewa tuffa ja ce, kyanwa tana shan madara.

"To in baƙo ya faɗa ruwa fa?" in ji Narelle, matuƙiyar jirgin. "Labarin kyanwar za ka ba shi?"

"Hassada ce ke damun ki," ya ce, ya nuna mata lambar.

4. Guji masu harshen

Nan ne ƙwarewa take. Kullum jirgin nan yana ɗaukar Japanawa kusan arba'in, kowa da baki a fuskarsa. Da sun doso, Fergus sai ya tuna akwai igiyar da ba a naɗe ba. A gida ma, in Chizuru ta jefo masa magana da harshensu, sai ya ce, "Bari dai in gama wannan matakin, kada ki rikita min tsari." Mutum yakan yi tambayar da ba ta cikin darasi, shi ya sa ba a koyo a wurinsa.

5. In surukin ya zo, kama gashin nama

Rana ba ta ƙarya. Tsohon ya sauka, zai yi kwana goma. Fergus ya yi kwana tara a bayan gida yana juya tsiran alade, hayaƙi ya zame masa katanga. A rana ta goma Chizuru ta tsare shi a ƙofa.

"Baba yana son ku je kamun kifi, ku biyu kawai. Fergus, likita ya ce daga wannan ba zai ƙara hawa jirgin sama ba. Saboda kai ya zo."

Ya ce, "Haba, ai abin da nake jira ke nan."

6. Gyaɗa kai

A bakin gadar kamun kifi Fergus ya zaro waya don ta fassara. Tsohon ya karɓa a hankali, ya kife ta a kan murfin bokiti, ya fara magana. Ya daɗe yana yi, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan ruwa. Fergus ya tsinci kalmar kifi sau ɗaya, ya ji daɗi. Sauran kuwa, duk inda tsohon ya tsaya ya dube shi, sai ya gyaɗa kai da fuskar mai hankali. Sau uku aka yi haka. Daga nan tsohon ya naɗe zarensa.

Kai ma gyaɗa. Kai ba ya gajiya, kuma ba a neman shi a ƙamus.

7. Karɓi yabonka

A filin jirgi tsohon ya riƙe hannun Fergus da hannu biyu, ya yi wa 'yarsa gajeriyar magana, ya shige. Sai da suka zauna a mota Fergus ya ce, "Me Baba ya ce? Ya yaba, ko?"

Chizuru ba ta dube shi ba.

"Ya ce kai mutumin kirki ne. Ya ce sau uku yana ce maka, ɗana, in ba ka gane ko kalma ɗaya ba, gyaɗa min kai."

"Daga nan fa?"

"Ya ce maganar da ya zo da ita dominka, ya koma da abarsa gida."

Fergus ya ji kunyar da bai taɓa ji ba.

A kula: mai wannan rubutu ba ruwansa da suruki da ya tafi da magana a ciki, ko mata da ta daina yi maka fassara. In ka bi matakan nan abin ya same ka, kai ƙara wurin wayarka, ita ce ka zaɓa ta zama malamarka.