Ciyawar Roba a Garin Awaki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Tudun Baraka ta ƙasar Roni, Alhaji Ukasha, bango majinginar ɗalibai, wanda ya zaga birane ya dawo mana da labari.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya, da fatan sanyin ofis bai taɓa maka ƙirji ba. Ni ce Gumsu Mele, wadda kuka zauna aji ɗaya da ita, idan girma bai goge maka fuskokinmu ba. Yanzu kiwon awaki nake yi a bayan makaranta, kuma 'yata Muhsina tana ajin ƙarshe a can.

Labari ya iso mana cewa ƙungiyarku mai albarka za ta kankare filin ƙwallon makaranta ta shimfiɗa masa ciyawar roba, wadda ba ta bushewa, ba ta tsawo, ba ta san rani da damina ba. An ce kowane gida zai kawo gudummawa, kuma ranar Asabar za a yanke magana. Tun daga ranar garin ya rabu biyu, 'yan roba da 'yan ƙasa, har mai shayi sai da ya raba benci. Da yake kun sa taron daidai lokacin da muke ɗora tukunya, na ga ya dace in aiko da bakina a rubuce.

Na ɗaya. Ina neman izini in tuna wa Mai Girma yadda damina take a garinsu, tunda a can inda yake zaune ta tagar mota ake ganinta. Da zarar an yi shuka, mai unguwa kan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga nan har a kawar da amfani, akuyar da ta leƙa gonar wani ta jawo wa mai ita magana. Gero ta gabas, dawa ta yamma, gyaɗa har bakin katanga. Wurin da garma ba ta taɓa shiga ba a garin nan ɗaya ne, shi ne filin makaranta. Shi ya sa tun zamanin iyayenmu, idan an tashi yara, mu mata mukan kai awaki mu kafa turaku, yau nan, gobe can, mu kwashe su kafin 'yan ƙwallo su fito da la'asar. Awaki su ƙoshi, fili ya sha aski, ƙasa ta sami taki. Shin akwai kwangilar da ta taɓa tafiya haka shekara da shekaru ba a ji kan kowa ba?

Na biyu. Mutumin kamfanin Kore Shar Har Abada, wanda ya zo da takalmi mai tsini, ya ce babban alherin ciyawarsu shi ne ba ta bukatar yanka. Allah ya saka masa. Amma wa ya ce masa muna kuka da yanka? Masu yankan namu ba su taɓa neman albashi ba, ba su taɓa yajin aiki ba, ba su shan fetur. Laifinsu ɗaya, sukan bar ɗan abin tunawa a bakin raga, kuma ban taɓa jin an fasa cin ƙwallo saboda shi ba. Kai kanka, ranka ya daɗe, a filin nan ka yi tashe, ba takalmi, wandonka ɗaure da igiyar rama.

Na uku, kuma a nan nake roƙon a saurare ni da kunnen basira. Kun yi shawara da injiniya, kun yi da malamin wasanni. Wa ya yi shawara da akuya? Ina da wata ja, Gwaggo muke ce mata saboda shisshigi. Ta ci leda, ta ci sabulun wanki, ta ci gefen tabarmar baƙo yana zaune a kai. Wannan baiwar Allah ce kuke so ta ga fili guda kore shar a tsakiyar rani ta kau da kai? Kallon kitse za ta yi wa rogo, ita da duk 'yan uwanta na garin nan, har da na ƙauyukan Gwiwa idan labari ya kai musu. An ce za a kewaye filin da waya. Madalla. Wanda ya kawo wannan shawara bai taɓa kiwon akuya ba, ina yi masa murna da kwanciyar hankalin da ya samu a rayuwa.

Na huɗu. Mun ji cewa idan rana ta take, robar takan ɗauki zafi, sai an yayyafa mata ruwa kafin a taka. Wato ciyawar da Allah yake shayar mana kyauta za a tumɓuke, a kawo wadda mu za mu riƙa shayarwa da bazara. Daga wane ruwan? Daga famfon nan ɗaya da muke yi wa layi tun hantsi, wanda sai ka tuƙa shi kamar kana roƙonsa gafara? Ko kuwa ita ma robar za ta kawo jarkarta ta bi layi a bayan maƙwabciyata Tasalla? Ina tausaya mata, don Tasalla ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a bakin famfo.

Na biyar. Don kada a ce Gumsu ba ta da adalci, Malam Sama'ilu, malamin wasanni kuma jagoran 'yan roba, yana da gaskiyarsa. Ya ce, “Wallahi Inna Gumsu, na gaji da cire wa yara tsidau a ƙafa, ni malami ne ko wanzami?” Na ji tausayinsa ƙwarai. Yaranmu ma suna son su ga filinsu kamar na talabijin, kuma ba laifi ba ne yaro ya so abu mai kyau. Sai dai an ce ba a hawa robar sai da takalmin ƙwallo. Idan haka ne, tsidau ya fi ta kirki, don shi bai taɓa korar ɗan kowa daga fili ba.

Na shida gajere ne. Ajin su Muhsina yana yoyo. Idan hadari ya haɗo, malami kan ce a rufe littafi a matsa kusurwa. Ban san ko kamfanin yana sayar da rufin roba ba, tambaya ce kawai.

Yanzu bari in ajiye lamba in faɗi abin da ya hana ni sukuni. Awakin nan su ne gonata, su ne albashina. Da su na kai Muhsina inda take, da su nake fatan ta zana jarrabawar fita ta wuce gaba, ta zama irinku masu yanke magana ranar Asabar. Idan filin ya tafi, ba ni da inda zan kai su da damina. Harawa a lokacin sai mai hali, gwiwata kuma ta daina zuwa yankan ciyawa nesa. Abin da ya rage shi ne in loda su a mota zuwa kasuwar Babura, in tsaya ina kallo wani Banijare yana taɓa musu ƙugu yana taya su da sefa. Ina jin tsoron ranar nan, ranka ya daɗe, ba na ɓoye maka. Kuma ba ni kaɗai ba ce, kusan duk gidan da ke aiko da yaro makarantar nan akwai turke a bayansa. Abin da ya fi ba ni dariya, idan na gaji da jin haushi, shi ne gudummawar da za a karɓa a gidana ma daga jikin akuya za ta fito.

Jiya da hantsi sai ga Daudu, ɗan aikenku, ya yi sallama. Na ɗauka ra'ayinmu aka aiko shi ya ji, har na shimfiɗa masa tabarma. Ashe saƙo ne cewa manyan baƙi za su zo ranar aza harsashin sabon fili, don haka mata masu kiwo su haɗa taure mai ƙiba na walima, kamar yadda suka saba yi wa makaranta a kowane taro.

A gaya wa Mai Girma mun ji, kuma mun bi. Taure yana nan, na zaɓo shi da hannuna, ƙosasshe, duk naman jikinsa ciyawar filin nan ce. Ku ci da baƙinku, ku tauna a hankali, ku tsotse ƙashi, don shi ne na ƙarshe. Walimar baɗi kuwa, ku rubuta wa kamfanin tun yanzu ya haɗo muku da tauren roba. Na tabbata ba ya ramewa, ba ya kuka, kuma zai daɗe a tukunya.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya ƙara wa ƙungiya hangen nesa, ya ɗan haɗa mata da na kusa.

Taka mai biyayya, durƙushe har ƙasa tun kafin a rufe ta da roba,

Gumsu Mele,
Bayan Makaranta, Tudun Baraka.