Miliyan Ɗaya da Dubu Ɗaya da Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na riƙe makirufo a gaban 'yan makarantarmu ta 'yan mata a Omdurman, ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Malamar lissafinmu, Ustaza Nafisa, za ta zaɓi ɗaliba ɗaya tak ta tafi gasa a Khartoum. Ta ce duk mai so ta kawo wani abin mamaki game da lamba, ta faɗa a taron safe. Ni kuwa ina son zuwa kamar me. Na zaɓi 1,001,001, don ko ta dama ka karanta ta ko ta hagu, ita ce dai. Na ƙudura zan nuna cewa awwali ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta.

Mako biyu ina kai. A cikin motar unguwarmu Dar Salam ina rabawa, a gindin murhu ina rabawa (sau biyu na ƙona wa Inna miya). Na raba da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, awwali bayan awwali, har na kai ɗari tara da casa'in da bakwai. Rabawa ɗari da sittin da biyar, kowacce da ragowa! Biyu da biyar kallo ɗaya ya ishe su. Uku kuwa na ce aikin 'yan firamare ne, zan dawo kanta.

Ranar na yi bayani, na rufe da cewa, "Babu lambar da ta isa ta raba ta!" Har an fara tafi.

Ustaza ta matso a hankali. "Sannu, 'yata. Ɗan tara mana lambobin da ke cikinta."

"Ɗaya da ɗaya da ɗaya..." Nan na tuna. Duk lambar da jimlarta ta ba da uku, uku na raba ta. Tun ina aji huɗu na san wannan.

"Uku!" makaranta ta ɗauka gaba ɗaya. Daga layinmu ƙawata Sa'adiyya ta ƙwala, "Yallah, maza ki sauko kafin su raba ki ke ma!" (Har yau ban gama yafe mata ba.)

Na sauko ina neman ramin shiga. A ofis Ustaza ta karɓi littafina, ta bi shafi-shafi da jan biro, tana dariya har da share hawaye. Ta daɗe kafin ta ɗago.

"Ko kuskure ɗaya babu a nan. Ke za ki je. Amma don Allah, in kin haye gada zuwa Khartoum, ki fara da tambaya mai sauƙi."

Na je, na kuma bi maganarta. Tun daga lokacin, aikin da na ji zuciyata ta ce "wannan ai wasa ne", shi nake fara yi, har sau biyu, ƙofa a rufe.