Yadda Za Ki Sa Jirgin Mijinki Ya Sha Kaye a Hannun Na Babanki

Abin da muka ɗauko: dunƙulen shinkafa, shayin sha'ir mai sanyi, furanni da turaren kabarin Mama, madubin hangen nesa, igiya, bokiti. Ni da mijina mun baro garin Onomichi da safe a jirgin ruwansa, yanzu muna tsakiyar ruwa, tsibirin kakannina yana gabanmu. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbaci jirgin mijinki zai zo na biyu a tseren jirage biyu. Na yi karatun injiniya a Kanada, na san abin da ke sa abu gudu. Juya ilimin kawai na yi.

1. Ki san abin da kike tsoro

Bara, bayan ya ɗan taɓa giyar shinkafa, Baba ya faɗa a gaban dangi cewa ranar da jirgin Shuji ya riga shi isa tsibiri, zai sayar da Chidori. Shuji mijina ne. Chidori jirgin Baba ne. Baba kuma bai taɓa janye magana ba, har wadda bai tuna ya faɗa ba.

Ba tausayi ne ya dame ni ba. Tsohon da ba shi da jirgi, lokaci gare shi. Sanda aka fitar da Chidori gyara, kullum Baba yana gidanmu. Ya kwance mana injin wanki don ya ga abin da ke ciki. Har yau injin a kwance yake wanki.

2. Ki kwatanta jiragen, ban da son kai

Chidori ƙafa ashirin da shida ne, kuma ya girme ni. Da sanda ake tuƙa shi, da hannu ake jan kowace igiya, ban-ɗakinsa kuwa teku ne. Warin man inji yake da tsohuwar tabarma. Na Shuji ƙafa arba'in ne, sabo fil, da sitiyari biyu kamar ana tsoron ɗaya zai gudu, da firji, da maɓallin da ke ɗaga ƙyallen iska ba sai ka yi gumi ba. Ya sa masa sunan wata iskar Faransa da ba ta taɓa kaɗawa a nan ba.

Dogon jirgi ya fi gajere gudu. Lissafi ne, ba rashin kunya ba. Aikinki ki hana lissafi aiki.

3. Kada ki gaya wa mijin

Miji mai gaskiya bai iya faɗuwa da gangan ba, fuskarsa za ta tona ku. Ki bar shi ya yi iya ƙoƙarinsa. Ke dai ki cika tankunan ruwa maƙil, ki ce wanka za ki yi. Ki miƙa masa shayi daidai lokacin da iska ta juya. Ki tambaye shi ko ya kashe gas kafin ku fito.

4. Bokiti

Ki ɗaure shi da doguwar igiya, ki sake shi ta baya, ki zauna a kan ƙullin da littafi a hannu. Bokitin da ya cika da ruwa yana jan jirgi kamar yaron da ya riƙe zanen uwarsa a kasuwa.

Shuji ya ƙwanƙwasa na'urar da ke gabansa. "Fumie, abin nan ya ce ya kamata mu fi haka gudu."

"Da shi ka yarda ko da idonka?"

"Da shi."

"To gudu muke."

5. Ki riƙa duba abokin hamayya

Mun rage gudu, Chidori na gefenmu, bai wuce mu ba. Muka ƙara ragewa, shi ma ya rage. Wani masunci ya wuce mu, ya je ya dawo, ya sake wuce mu yana ɗaga hannu. Furannin Mama suka fara laushi.

Na ɗaga madubin. A bayan Chidori ga igiya a miƙe, ta nutse cikin ruwa. Na ɗauki oba-oba.

"Baba, mene ne wancan a bayanka?"

"Kifi nake kamawa."

"Da igiya mai kaurin yatsa?"

"Babban kifi ne. Ke da kika zauna wuri ɗaya tun safe kamar kaza a kan ƙwai, me kike ƙyanƙyasawa?"

"Karatu nake."

"Ni na koya miki bokitin nan, 'yar Kanada. Nawa biyu ne."

Shuji ya juyo. "Wane bokiti?"

"Tuƙa jirginka."

6. Ki sake dubawa, wannan karon mutumin

Ban sauke madubin ba. Iska ta juya, Baba ya miƙe zai ja igiyar ƙyalle. Ya ja, ya tsaya, ya yarfe hannun dama. Ya naɗe igiyar a damtse, ya ja da jikinsa gaba ɗaya. Sannan ya zauna ya daɗe a zaune. Sai ya waiga ya ga ko ana kallonsa.

Mutumin da ya binne matarsa bai ce ya gaji ba, ba zai faɗa saboda igiya ba. Ashe maganar bara ba giya ce ta yi ta ba. Hanyar sauka ya shirya wa kansa, ni kuma na tare ta da bokiti.

Na jawo bokitin na ajiye. Shuji ya kalle shi, ya kalle ni, ya kalli na'urarsa kamar zai ba ta haƙuri.

"Wuce shi," na ce.

"Baba ne fa."

"Wuce shi da kyau, yadda kowa zai gani."

Ya danna maɓalli. Muka wuce Chidori, Shuji na riƙe da sitiyari yana ta sunkuyawa, yana cewa "ku gafarce ni, Baba" har muka yi nisan da ba mai jinsa sai ni.

7. Ki bar shi ya yi faɗansa

Baba ya iso, babu alamar bokiti. Ya tsaya a bakin gaɓa ya shaida wa duk wanda ke wurin cewa jiragen yanzu firji ne da aka ɗaura wa ƙyalle, ko biri zai tuƙa. Ya ce amma magana magana ce, Chidori ya shiga kasuwa. Na daɗe ban ga nishaɗi irin wannan a fuskarsa ba. Muka hau tudu muka wanke kabarin Mama, ya kunna turare, ya ba ta labarin yadda aka cuce shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba: ko bokitin da ya ɓace, ko mijin da ya daina ba ki amanar igiya, ko tsohon da ya samu lokaci. Abin da ya biyo baya tsakaninki ne da danginki.

Da muka sauko, Baba ya ce bari ya ga cikin firjin da ya kayar da shi. Ya cire takalmi ya shiga. Ya danna maɓallin ban-ɗaki, ya saurara, ya sake dannawa. Ya buɗe ɗakin baya, ya zauna a kan katifa yana gwada taushinta. Ɗakinmu ne.

"Baba, ko in kawo muku shayi?" in ji Shuji.

"Jakata za ka ɗauko min daga Chidori."

Ya ja ƙofa ya rufe. Daga ciki muka ji shi: "Nan zan riƙa kwana. Duk Asabar da ni za a fita."