Ranar da Na Manne a Rufin Motar Ammu Bakur

Ba zan taɓa mantawa da warin gam ɗin nan ba, ko da zan manta da sunan layin da na zauna a Jidda. Har yau in na bi ta gaban mai gyaran takalmi ya buɗe gwangwaninsa, sai in ji kuncina na dama ya ɗauki zafi. Mutane kan tambaye ni me ya sa gemuna yake da fili a gefe guda, in ce musu gado ne. To ba gado ba ne, kakannina ba su san hawa ba su san sauka ba.

A lokacin ina aikin wayar mota a wata warsha (haka ake kiran gareji a can) a unguwar Kurayyat. Da takarduna na shiga ƙasar, lafiya lau. Sai kafilina, wato mutumin da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, Allah ya yi masa rasuwa, cikin 'ya'yansa kuma babu wanda ya waiwaye ni. Iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu a aljihuna ina ji ina gani. Wanda bai taɓa zama babu takarda ba ba zai gane wannan rayuwar ba. Za ka koyi tafiya a jikin bango, ka koyi gane ƙarar motar jami'ai tun ba ta karyo kwana ba. A warsharmu in wani ya yi wani irin fito, kafin ƙiftawar ido kowa ya ɓace, wannan ya shige ƙarƙashin mota, wancan ya faɗa but ɗin mota ya rufe. Ni kuma gwanin kwanciya ne. Duk inda nake sai in baje, in ɗauke numfashi, in zama kamar buhun da aka yar. (Har yabona ake yi a kan wannan, ni kuma ina jin daɗi, ku ji fa.)

Abin da ke hana ni barci shi ne Inna. Tana Gumel, ciwon ido yana cinye mata gani a hankali. Duk ranar da na kira ta magana ɗaya ce: "Ka zo in gan ka tun ina iya ganinka." In na miƙa kaina aka mayar da ni gida, babu dawowa, gidanmu kuma kaf da hannuna yake cin tuwo. In da iƙama mai rai kuwa, sai in je in dawo kamar kowa. Kullum ina ce mata saura kaɗan, in kashe wayar in zauna ina kallon ƙasa.

Ana cikin haka Ammu Bakur (Ammu baffa ke nan a Larabci) ya shigo rayuwata. Dattijo ne Bahaushe haifaffen Jidda, kakansa ne ya zo aikin Hajji a ƙasa bai koma ba. Hausarsa rabinta Larabci ce. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da firji da wurin girki, wadda suke kira karafan, don in zafi ya matsa ya ɗauki iyalinsa su hau duwatsun Ɗa'ifa. Ƙarar janareta ce ba ya so. Sai ɗansa da ke karatu a waje ya aiko masa da faifan sola, ba irin masu gilashi da ƙarfe ba, wasu ne sirara masu lanƙwasuwa kamar tabarmar roba. A lokacin ko a Jidda ba kowa ya taɓa ganin irinsu ba, ni ma ban taɓa ba, amma da ya tambaye ni sai na ce ai aikina ne.

"Sharaɗi ɗaya, ya waladi," in ji shi. "Kar ka huda min rufi. Da gam ake liƙa su. Ka gama min wannan, ni kuma akwai wanda zan haɗa ka da shi. Maganar iƙama ka bar ta a hannuna, halas."

Bai ce wane ne ba, bai ce yaushe ba. Dattijon yana da son yi wa mutum ba-zata, halin da ya kamata a hana duk mai mu'amala da marasa takarda.

Ranar aikin na tafi gidansa a unguwar Safa sanye da jallabiyata ta Juma'a, fara tas. (Na sani, wa yake shafa gam da jallabiyar Juma'a? Ni ne. So nake a ga kamalata, a ce wannan ya cancanci a tsaya masa.) Karafan ɗin tana bakin titi a gaban benen da suke zaune. Na kafa tsani na hau, na wanke rufin ya bushe, na auna na zana da alli, na zura wayoyin ta ramin fankar sama zuwa wajen batir don kar in huda komai. Gam ɗin irin wanda ake shafawa a bar shi ya sha iska ne, sai ya fara danƙo sannan a ɗora abu a danne. Na liƙa na farko, na liƙa na biyu, suka kwanta luf. Wallahi har sai da na tsaya na yaba wa kaina.

Saura na ƙarshe. Na shafe wurinsa da gam, faɗin ƙyauren ɗaki, na zuba da yawa don aikin ya yi ƙarko. Na tsuguna a gefe ina jira ya yi danƙo, rana tana neman tsakiya. A daidai nan wata mota ta karyo kwana, mai launin hukuma, da fitila a kanta.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina ban yi ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba. Na faɗi rub da ciki, na miƙe sambal, na manna kuncina na dama a ƙasa, kuma a duk faɗin rufin nan babu inda na zaɓa sai tsakiyar gam.

Motar ta zo ta tsaya a gindin tsanina. Na ji an buɗe ƙofa, na ji takun takalmi mai nauyi, na ji Ammu Bakur ya fito yana lale marhabin. Sannan baƙon ya yi tambaya da Larabci, wadda na ji kowace kalma tata: ina mutumin da ka ce iƙamarsa ta mutu? Ammu ya shiga ƙwala min kira da sunana. Na ce shi ke nan, dattijo ya sayar da ni. A kwance a wurin nan babu irin mugun zaton da ban yi masa ba, Allah ya yafe min. Da suka gaji da kira sai Ammu ya ce wataƙila na wuce masallaci, su shiga su ci abinci kafin in dawo.

Suka shige, amma direban ya zauna a mota da injin a kunne, yana shan sanyi. Ni kuma ina sama ina gasuwa. Wanda ya san ranar Jidda ya san ba zafi kaɗai ba ce, akwai wani gumi da ke taso wa mutum daga teku ya lulluɓe shi. Rufin ya ɗauki wuta, warin gam yana shiga kaina, ƙanshin shinkafa da naman rago yana fitowa ta taga. Aka kira azahar ina ji, aka tayar, aka idar. Na yi ta tuna Inna, ina lissafin abin da zan ce mata in sun kama ni. Na yi kuka kaɗan, hawayen ma gefe guda kawai ya samu hanya.

Can direban ya fita ya nufi kanti. Na ce yawwa, ga dama. Na yunƙura zan tashi, rufi ya ce ina. Jallabiya ta kama tun daga wuya har gwiwa, singileti ya kama ta cikinta, gemu ya kama, tafin hannuna na dama ma ya kama. Aikina ya yi ƙarko yadda na so.

Da suka gama cin abinci suka fito, Ammu ya ce bari ya kira ni a waya. Wayata tana aljihun gaba, a ƙarƙashin ƙirjina. Kiɗan kalangu na sa mata, saboda kewar gida. Haka kalangu ya ɓarke a saman karafan a tsakiyar Safa, rufin yana ƙara masa amo kamar ana biki. Sai na ji tsani yana ƙara, a hankali hular jami'i ta ɓullo, sannan fuska, daidai saitin tawa.

Majid ne, mijin 'yar Ammu Bakur, kamar yadda na sani daga baya. Shi ma jinin Hausawa ne, yana jin Hausa amma ba ta fita sosai a bakinsa. Muka kalli juna. Ya kamata in yi shiru, amma sai bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ina danne shi ne ya kama."

Ya kalli faifan sola na ƙarshe da ke ajiye can gefe, ko taɓa shi ba a yi ba. Ya dawo da ido kaina.

"Kai kana danne... mene?"

Ya juya ya leƙa ƙasa ya ce, "Ya Ammi, sola bai kama ba. Amma mai sola ya kama kwayyis, daram."

Kafin wani lokaci layin ya cika. Mai gadin bene, masu kanti, maƙwabta, mata a baranda suna leƙe ta bayan labule. Wannan ya ce a zuba fetur, wancan ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Matar Ammu, Khala Rabi, ita ce ta aiko da almakashin ɗinki da kwalbar man girki. Majid da kansa, da kakinsa da komai, ya durƙusa ya tsarge jallabiyata ta baya, ya yi ta zuba min mai a kunci da hannu yana ɓamɓarewa. Gemun da ya ƙi fita ya datse, wani kuma ya tafi da fatarsa. Aka zare ni daga cikin rigar kamar ana feɗe akuya. Na sauko daga tsani da gajeren wando, an yafa min labulen karafan mai furanni ja, mai yana ɗiga daga haɓata.

Dariyar da aka yi ba ita ta fi yi min ciwo ba. Wani maƙwabci mai babbar murya ne ya ce, to me ya sa ya ɓuya tun farko? Ya dubi Majid ya ce ai ga jami'i a tsaye, a tambaye shi iƙamarsa mana. Majid ya goge man da ke hannunsa, ya ce da ƙarfi shi cin abinci ya zo yi gidan surukinsa, ba aiki ba. Da mutane suka fara watsewa ya ja Ammu gefe, ina jin su. Ya ce da na sauko mun gaisa a cikin falo, da ya ɗauki maganata ya bi da ita ta ƙofar da ta dace, don matsalar wanda kafilinsa ya rasu tana da hanya. Yanzu kuwa layi guda ya gan shi da kaki yana ɓamɓare mai gudun jami'ai, in sunana ya fito ta hannunsa gobe, shi za a fara tambaya. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ya akhi, ni ban gan ka ba. Ka gane? Ban gan ka ba."

Shekaru ina roƙon Allah ya sa jami'i ya wuce bai gan ni ba. Ranar aka amsa min, na rasa inda zan sa kaina don baƙin ciki.

Ammu Bakur ya tsaya yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. "Ya waladi, dominka aka dafa shinkafar nan," in ji shi. "Farantinka yana nan a rufe." Na zauna a cikin labule na ci, don ban san yadda zan ƙi ba.

Washegari na koma na ƙarasa aikin. Gaban jallabiyar ya ƙi kankaruwa ko da wuƙa, Ammu ya ce in bar shi, in ƙara gam in ɗora faifan a kai. Haka aka yi, sola ya kawo wuta, firji ya yi sanyi. Dattijon ya ci gaba da buga min ƙofofi amma babu wadda ta buɗe. Gaban rigata kuwa ya je Ɗa'ifa, ya je Abha, har Madina ya kai ziyara, babu shingen da aka tsayar da shi aka tambaye shi takarda.

Ni sai daga baya na gaji na miƙa kaina, aka sako ni a jirgi. Na iske Inna zaune a ƙofar ɗakinta, ta juyo da fuskarta wajen muryata, amma idon ya riga ya tafi. Ta sa hannu biyu tana shafa fuskata, goshi, hanci, har yatsanta ya faɗa filin nan na kunci ya tsaya.

"Me ya cinye maka gemu a nan?"

Na ce, "Aiki ne, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi wa aikin albarka."

Na ce amin, me zan ce? Yanzu dai ko a kasuwa na ji an ƙwala sunana, kafin in san mai kira ne ko mai kamu, sai na ɗaga kai na amsa. In kuma kwanciyar ta zama dole, ina fara duba abin da na shafa a wurin.